Me Ya Sa Lasifika Ke Buƙatar Akwati?

Duk ɗalibin da ya taɓa ciro lasifika daga tsohuwar rediyo ya jona ta a fili, zai lura cewa muryarta ta sirance, kaurin ganga ya ɓace. Dalili kuwa shi ne, yayin da takardar lasifika ta matsa gaba tana tura iska, a daidai lokacin tana barin gurbi a bayanta. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 cikin daƙiƙa guda, don haka amo mai kauri da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kusa mita 7. Faɗin takardar ba komai ba ne a gabansa. Nan take iskar gaba za ta zagaya ta cike gurbin baya, amon ya mutu.

Aikin akwati shi ne raba gaban da bayan. A shekarar 1954, Edgar Villchur na Amurka ya nuna cewa ƙaramin akwati ma ya isa, muddin an rufe shi ruf, domin iskar da aka tsare ciki ita ke mayar da takardar mazauninta. Sai dai ƙanƙantar tana da farashi: irin wannan akwati ya fi buƙatar amfilifaya mai ƙarfi.

Mai sha'awar haɗawa ya nemi katako mai kaurin milimita 18, don siririn katako rawa yake yi ya ɓata sautin. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, sai an bi kowace mahaɗa da gam, sannan a shimfiɗa auduga a ciki. In an gama, a danna takardar a hankali da yatsu a saki. Idan ta dawo sannu-sannu, akwatin ya toshe. Idan ta yi wuf ta dawo, a nemi inda iska ke fita.