Nasiha Ga Mai Son Sayen Tsohuwar Motar Ƙawa

Ɗana, labari ya iso mini nan Gwandu cewa zuciyarka ta kwanta a kan wata tsohuwar Fijo 504 mai ƙofa biyu, har ka fara ware mata kuɗi daga albashinka na Kalgo. Ban ga laifinka ba, domin motar ta isa a so ta. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1969 kuma aka fito da wannan mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Irinta mai injin V6 ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1978. Sai dai ina so ka san abu guda kafin ka miƙa ko sisi: kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da tsohuwar mota za ta ci maka. Riƙonta shi ne aikin.

Fara da tambayar kayan gyara. Mai ƙofa huɗu da muka sani, wadda kamfanin PAN ya soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta cika ƙasar nan shekaru da dama, saboda haka makanikanmu sun san ta ciki da bai. Idan injin taka mai silinda huɗu ne, da yawa daga kayansa za su samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma jikin mai ƙofa biyu nata ne ita kaɗai. Gilashin gaba, fitilu da ƙofofi ba su shiga da na mai ƙofa huɗu, kuma ranar da dutse ya fasa maka gilashi, sai dai a nemo daga Turai da kuɗin waje. Haka za ka auna duk wata da aka yi maka tallarta, Toyota Celica ce, Honda Prelude ce ko Marsandi 190E. Ka samu makaniken da zai riƙe ta tukuna, a Birnin Kebbi ko Jega, sannan ka nemi motar.

Ranar dubawa ka tafi da makanikenka, kada ka dogara da na dillali. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan bonet ka tabbata injin ya kwana a sanyaye, don mai sayarwa yakan ɗumama shi kafin ku iso saboda ya ɓoye wahalar tashi. Idan aka tayar, ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi shuɗi na nufin injin yana shan baƙin mai, ringi sun gaji ke nan. Farin hayaƙi mai kauri da bai yankewa kuwa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ƙarƙashinsa; in ka ga wani abu fari-fari mai yauƙi ya manne, gaskit ya ƙone. A ƙasarmu, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, motar da lagiretonta ba shi da lafiya ba za ta kai ka ko'ina ba. Saboda haka kada gwaji ya tsaya a zagayen unguwa. Ku hau titi daga Kalgo zuwa Jega da rana tsaka ku dawo, idonka a kan allurar zafi, kunnenka a kan giya da ƙafafu. In Prelude ce, ka tambayi ranar da aka sauya bel ɗin tayimin, domin in ya tsinke ana tafiya yakan lalata bawul.

Inji yana gyaruwa, amma tsatsa in ta ci ƙashin mota, an gama. Sabon fenti ya sa ka ƙara lura, kada ya ruɗe ka. Ɗaga kafet ɗin ƙasa, ka cire tayar safaya ka leƙa ramin but, ka sa a hau da ita rami ka ga cikinta da fitila. Ɗan maganaɗisu a aljihu zai yi maka amfani: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, fila aka cika aka shafe da fenti. Motar da ta zauna a Turai ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, ta Legas da Kwatano kuma ta sha iskar teku. Wadda ta tsufa a nan Arewa takan tsira da ƙarfenta, sai dai rana ta busar da robobi, tiyo da wayoyinta, kuma waɗannan sun fi sauƙin sauyawa.

Sai takardu, kuma a nan ba na son ka yi sassauci ko kaɗan. Muna kusa da iyakar Nijar da Binin, motoci da yawa sun shigo ta daji, musamman bayan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Ka karanta lambar shasi da ta inji a jikin motar da idonka, ka gwada su da na takarda harafi bayan harafi. Ka nemi takardar kwastan, ka san wanda ya mallake ta kafin mai sayarwa. A rubuta ciniki, a sa shaidu, kamar yadda addini ya koyar, a kuma tambayi mai ita aibinta a gabansu. Wanda ya ce maka ka biya yau don wani na tafe da kuɗi, ka bar wa wancan ɗin.

Ka kuma duba rayuwarka. Motar ƙawa kujerar bayanta matsattsiya ce, yawancinsu kuma cikinsu kusa yake da ƙasa, ga hanyoyin ƙauyukanmu da damina. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, injin kafireta mai shan mai ya zama nauyi a aljihu. Kada ta zama ita kaɗai ce abin hawanka, kada ka ci bashi dominta, kada kuma ta taɓa kuɗin makarantar yara ko buhun hatsin gida. In ka biya kuɗinta, ya kasance akwai wani kaso mai kauri a ajiye, don watannin farko taya, birki, batir da lagireto duk za su nemi haƙƙinsu. Tsohon doki sai mai shi. Mai shi kuwa shi ne mai haƙuri da ɗan hali, wanda zai duba ruwa da baƙin mai kowace safiya ba tare da ƙosawa ba. Ka tuna kuma ba ta da jakar iska irin ta motocin yanzu, birkinta na zamaninta ne, don haka ka tuƙa ta a hankali, ranka da na mutane amana ne.

Idan ka auna duk wannan ka ga za ka iya, ka yi istihara, ka shawarci mahaifinka, sannan ka saya da farin ciki. Idan ka ga da sauran lokaci, ka jinkirta, ba za a rasa wata ba. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya sa albarka a abin da ka samu, Ya tsare ka a kan hanya.