Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Mai Wahalar Karatu Manhaja da Malamin Taimako

Na daɗe ina zama da yaran da aka gaji da su a aji, waɗanda ake ce wa "kansa ba ya ja". Yaro zai ba ka labarin fim tiryan-tiryan, ya lissafa canji kafin mai shago ya ɗago kai, amma da an buɗe masa littafi sai zufa ta karyo masa. Masana na kiran wannan disleksiya: ƙwaƙwalwar na shan wuya wajen raba kalma zuwa sautukanta da haɗa kowane sauti da harafinsa. Ba lalaci ba ne, bulala kuma ba ta maganinsa. Iyaye kan zo mini da waya cike da manhajojin da wani ya ce a sauke, wata shida ba canji. Ga yadda nake bi.

Da farko a kai yaron asibiti a duba ido da kunne. Idan lafiya lau, a ci gaba.

Na biyu, ku gano ko karatu yake yi ko hadda. A nan na fi shan wahala. Yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo, kuma yaro mai disleksiya yakan ƙware a kanta, domin da ita yake rufa wa kansa asiri. Wata yarinya 'yar aji uku ta yi zango guda tana "karanta" mini littafinta ba gargada, ina ta murna. Ranar da na rufe hoton da tafin hannuna na nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar shafi, sai ta yi tsit, idonta ya ciko da ƙwalla. Ashe shafukan ta haddace, hoton ne ke tuna mata inda take. Zango guda na ɓata mata.

Tun daga ranar nake gwaji da kalmomin da babu su a Hausa. Ku ɗauki takarda ku rubuta guda ashirin da manyan baƙaƙe, irin su bafu, kimo, ɗalu, nushe, teɓo. Ku gaya masa tun farko cewa ba su da ma'ana, don kada ya yi ta neman wata kalma mai kama da su. Ba ya iya haddace abin da bai taɓa ji ba, dole ya bi harafi-harafi. Kada ku gyara masa, kada ku ɓata fuska. Ku dai rubuta nawa ya samu da inda ya yi tuntuɓe: sautin harafin ne bai sani ba, ko ya sani amma haɗa "ba" da "fu" ke gagararsa? Ku sa kwanan wata, ku ajiye takardar.

Na uku, harshe. Idan Hausa yake ji a gida, da Hausa za a fara, ko da makarantarsa ta Turanci ce. A rubutun boko kusan kowane harafi sauti ɗaya gare shi, alhali a Turanci harafin "a" kaɗai yana da furuci iri-iri. Yaron da ya gane dabarar haɗa sauti a harshen da yake tunani da shi, zai tafi da ita Turanci.

Sai manhaja. Ku fara zama da ita ku kaɗai na rabin awa kafin yaron ya gan ta. Wadda take rera sunayen haruffa, ei, bi, si, ku goge ta. Sauti muke nema. Wadda take sa hoto kusa da kalma yadda za a iya cankar amsa ba tare da an duba rubutun ba, ita ma ku goge. Mai kyau tana kawo sautuka kaɗan-kaɗan a jere, tana dawo da wanda aka kuskure, ba ta kuma da agogon da ke tsorata yaro. Ku kashe data ku ga ko tana aiki.

Don Hausa, Feed the Monster nake fara ba su. Kyauta ce, tana da ta Hausa, kuma an yi amfani da ita a wani binciken Bankin Duniya a arewacin Najeriya. Idan ya fara haɗa gaɓoɓi, akwai gajerun labarai na Hausa kyauta a African Storybook da Global Digital Library. Don Turanci, idan makarantarsa na koyar da Jolly Phonics, mai sautuka 42 da ke farawa da s, a, t, i, p, n, to ku bi jerin nan a gida, kada ku rikita shi da wani. Teach Your Monster to Read kyauta ce a kwamfuta, a waya kuma ana biyan 'yan kuɗi. Nessy daga Ingila take, don masu disleksiya aka yi ta, kuma ina son ta, sai dai da kuɗin waje ake biya, yana da nauyi. Ɗaya ta isa. Kada ku haɗa uku.

Gargaɗin da nake yawan yi: kada ku kashe kuɗi a tabarau mai launi ko wani salon baƙaƙe na musamman da aka ce yana gyara disleksiya. Matsalar ba a ido take ba. Ƙara girman rubutu da tazara tsakanin haruffa kan taimaki wasu, wannan kuwa kyauta ne.

Kuɗin ku ajiye wa mutum, domin manhaja maimaici kawai take ba da shi, ba ta ganin inda bakin yaro ya karkace. Wajen ɗaukar malamin lesin, kada takardunsa su ɗauke muku hankali. Ku tambaye shi, "Malam, idan ya kasa karanta kalma, me za ka yi?" In ya ce zai faɗa masa ya maimaita, ba shi ba ne. Wanda kuke nema zai ce a koma sautin farko a bi a hankali. Hanyar da aka fi sani, ta Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka tun shekarun 1930, tana haɗa ido da kunne da hannu a lokaci guda. Ni faranti nake cikawa da yashi: yaro ya zana harafin da yatsa yana furta sautin, ya share, ya sake. Mu kuma Hausawa muna da ƙarin aiki, domin bayan b da d ga ɓ da ɗ. Kada a koyar da su mako guda. Sai ɗaya ya zauna daram a kawo ɗan'uwansa. Minti ashirin kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Ku je makaranta da kanku ku roƙi malamin aji abu biyu: kada a tashe shi karatu a gaban yara ba shiri, kuma a ƙara masa lokaci a jarrabawa. Sauran darussa, ku karanta masa da baki ko waya ta karanta masa, don kada kimiyya da tarihi su wuce shi yana jiran karatunsa ya nuna.

Bayan mako shida ku rubuta sababbin kalmomin ƙirƙira ashirin, ku ciro tsohuwar takardar ku gwada. Taurarin da ya tara a manhaja ba su ne ma'auni ba. Idan ya ƙaru ko da huɗu ne, ku riƙe abin da kuke yi. Idan yana nan inda yake, ku fara sauya manhajar. Wani mako shida ba motsi, ku zauna da malamin lesin.