Wasan Gem da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yaranmu: Wanne Ne Magani, Wanne Ne Cuta?

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani abu ne da ya shigo mana gida ba tare da ya yi sallama ba, wato wasan gem, ko na waya ko na gidan gem inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Daga Panshekara zuwa Mariri, har ka miƙa Kura da Bunkure, da wuya ki sami unguwar da babu irin wannan shago da ɗan janaretansa. Mafi yawanmu kallon shiririta muke yi masa, kuma muna da hujja. To amma ko kin san akwai ƙasashen da likita ke rubuta wa yaro gem kamar yadda ake rubuta ƙwayar magani?

Kafin mu je can, bari mu dubi girman matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko yawan fargaba. Mu kuwa a Nijeriya likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Kin ga ke nan yaron da ke Bunkure, wanda ya daina cin abinci, ya daina fira, ba lallai ne ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba. Sai a ce miskilanci ne, ko a ce iska ce ta shafe shi. Wani kuma abokai su nuna masa hanyar sholisho da kodin. Ai ba mu manta da shekarar 2018 ba, lokacin da abin ya yi ƙamari har Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Ƙarancin likitoci ba mu kaɗai ya dama ba, kuma shi ne ya sa wasu masana suka ce tunda yara ba sa son zuwa asibiti amma suna son wasa, me zai hana a saka darasin jinyar a cikin wasan? A ƙasar Niyu Zilan, wata likitar ƙwaƙwalwar yara mai suna Sally Merry da abokan aikinta na Jami'ar Auckland suka ƙirƙiro gem mai suna SPARX. Yaro zai zaɓi jaruminsa, ya ratsa yankuna bakwai, yana yaƙar wasu baƙaƙen ƙwari da ke wakiltar munanan tunani, irin su "ni ba ni da amfani" ko "kowa ya tsane ni". A kowane mataki akwai jagora da ke koya masa wata dabara: yadda zai ja numfashi a hankali idan ransa ya ɓaci, yadda zai tuhumi mugun tunani ya tambayi kansa ko gaskiya ne, da yadda zai warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Sannan a ba shi aikin da zai gwada a gida kafin ya dawo.

An gwada shi a kan matasa 187 'yan shekara 12 zuwa 19, aka buga sakamakon a 2012. Rabi suka yi gem ɗin, rabi suka bi hanyar da aka saba, galibi zama da mai ba da shawara ido da ido. Waɗanda suka yi gem ba su gaza ɗaya rukunin samun sauƙi ba, har ma kimanin kashi 44 cikin ɗari nasu alamun ciwon suka gushe, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 26 ne. Sai dai ki lura da kyau, 'yar'uwa: masu ƙaramar damuwa da matsakaiciya aka saka. Wanda ciwonsa ya tsananta, ko ake tsoron zai cutar da kansa, ba a bar shi da kwamfuta ba.

A Amurka kuma, a watan Yunin 2020, hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da wani gem, EndeavorRx, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12 masu larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, irin yaran da mu kan ce musu masu ƙiriniya kawai. An ƙayyade masa minti 25 a rana, kwana biyar a mako. Magani ke nan, da awonsa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Tetris, tsohon wasan nan na jera tubala da aka ƙirƙiro tun 1984. Farfesa Emily Holmes da abokan aikinta sun gwada shi a sashen gaggawa na wani asibiti a Oxford ta Ingila, kan mutum 71 da suka yi haɗarin mota, aka fitar da rahoton a 2017. Cikin awa shida da yin haɗarin, aka sa wasu su ɗan tuno abin da ya faru, sannan su buga Tetris na kimanin minti 20. A makon da ya biyo baya, hotunan haɗarin da ke faɗo musu a rai ba su kai na sauran yawa ba. Bayanin masanan shi ne, sashen ƙwaƙwalwa da ke adana hoto ba ya iya aiki biyu lokaci guda. Duk wadda ta san titin Kano zuwa Zariya ta san abin da ya sa wannan ya tsaya min a rai.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Gem ɗin da ke wayar ɗanki ba SPARX ba ne. Waɗancan likitoci ne suka tsara su domin yaro ya gama ya tashi. Na kasuwa kuwa an tsara da yawansu ne domin kada ya tashi. Shi ya sa ita dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, aka fara aiki da jerin a 2022. Alamunta su ne yaro ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan karatu da barci da mutane, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon shekara. Haka nan ki bambance gem da cacar ƙwallo da ake bugawa a waya. Wannan caca ce tsagwaronta, hukuncinta a addini sananne ne, kuma sau da yawa ƙofa ɗaya suke shigowa.

Wasa shi kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Da dara da langa da carafke muka tashi, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA). Abin da nake so ki ɗauka shi ne ki mai da wasan ɗanki madubi. Yaron da ya taya babansa ban-ruwa a gonar shinkafa ko tumatir, ya je Islamiyya, ya yi sallolinsa, sannan ya buga ƙwallon awa ɗaya da abokai ana shewa, wannan hutu yake yi. Amma wanda ya ƙule a ɗaki shi kaɗai har asuba, musamman bayan an yi rasuwa, ko ya faɗi jarrabawa, ko an yi asarar amfanin gona gida ya shiga ƙunci, sau da yawa ba gem ɗin ne ciwon ba, maɓoya ce ya samu. Idan kika fizge wayar kika yi masa tsawa, kin rushe maɓoyar, ciwon yana nan.

Gwada wannan: ki zauna kusa da shi ki ce, "Auta, koya min yadda ake yin abin nan mana." Saurayi bai cika iya magana ana kallon ƙwayar idonsa ba, amma idan idanunku duka suna kan allo, sai ki ji yana sakin zance. Ku yi yarjejeniyar lokaci tare da Maigida, wayar kuma ta kwana a ɗakinki.

In kuwa baƙin ciki da rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, a haɗa addu'a da asibiti. Idan ya ambaci gara ya mutu, ko da wasa ne, a ranar za a tafi. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncin mai wannan larura. Kafin ku fita ki rubuta a takarda ranar da kika fara ganin canjin, awa nawa yake barci, awa nawa yake yi a kan waya, da duk wani magani ko jiƙo da aka riga aka ba shi, domin waɗannan ne likita zai fara tambaya.