Likita ya yi ritaya, lasisinsa yana can yana yanka mutane

Da tsakar dare aka kawo mana wata mata daga wani asibitin kuɗi da ke bayan gari. An yi mata tiyatar haihuwa, jini ya ƙi tsayawa, kafin a iso da ita ta yi fari fat. Muka sa mata jini, muka sake buɗe ta, muka tarar da ɗinkin da ko ɗalibi ba zai yi ba, har an haɗa da bututun fitsari an ɗaure. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma sai da muka cire mahaifar, kuma wannan ne cikinta na fari.

Takardar da aka biyo ta da ita ce ta tayar min da hankali. Hatimin da ke jiki na malaminmu ne, dattijon da ya koya mana riƙe wuƙa, wanda ya daɗe da ajiye aiki, idonsa ma ya yi rauni. Gari na wayewa na kira shi, na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka yi wannan aikin?" Ya ce wane aiki?

Ashe wani tsohon yaronsa ne, wanda iyakarsa miƙa almakashi a ɗakin tiyata, ya zo ya durƙusa ya roƙi aron takardunsa don a yi wa asibitin rajista. Duk wata yana aiko masa da ɗan abin cefane. Baba bai taɓa taka wurin ba. Hatiminsa a aljihun yaron yake kwana, har lambar sirrinsa ta shafin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, yaron ne ke riƙe da ita, shi ke sabunta masa lasisi. Da na gama ba shi labari sai ya ce, "To ni da na yi ritaya, me ya shafe ni?"

Ya shafe ka, Baba. Ritaya tsakaninka da gwamnati ce: in shekarun aikinka sun cika, a sallame ka da fansho. Wannan bai goge sunanka daga rajistar MDCN ba. In aka kai ƙara, kai kwamitin bincike zai kira, kuma kotun ladabtarwa tana da ikon dakatar da kai ko ta soke sunanka baki ɗaya. Shi yaron da ma ba shi da sunan da za a soke.

Ba a aron lasisi. Ba a hayarsa. Ko ɗan cikinka ne, kada ka ba shi hatimi.

Akwai kuma masu cewa sun huta, sun daina sabuntawa, amma kullum zaurensu cike da 'yan unguwa suna rubuta magani. Lasisi na shekara ɗaya ne, 31 ga Disamba ya ƙare, kuma sai da maki 20 na ƙaro ilimi ake sabunta shi. Ko kyauta kake duba mutane, ko a aikin gayya na masallaci ne, aikin likita kake yi. Wanda ya kai shekara 70 an yafe masa kuɗin sabuntawa. In za ka huta, fayilolin marasa lafiyarka ma ka san hannun da za ka bar su.

In da gaske ka ajiye, ka rubuta wa hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu a jiharka ta cire sunanka daga duk inda yake, ka riƙe kwafin takardar. Ka karɓo hatiminka yau, ba gobe ba.

Su ma masu ɗaukar mace tana naƙuda su kai ta inda ba su taɓa ganin fuskar likita ba, don kawai an rage musu dubu ashirin, haushinsu nake ji. Takarda a bango ba ita ke tiyata ba, ku tambayi wanda zai riƙe wuƙar.

'Ya'yan likitoci kuma, in tsufa ya kwantar da mahaifinku ko ya rasu, ku nemo hatiminsa ku lalata. Na taɓa karɓar takardar magani ɗauke da hatimin likitan da ni kaina na halarci jana'izarsa.