KUFAN KAN DUWATSU: TARIHIN DA ƘASA TA AJIYE MANA

Manomi ko makiyayi a ƙasar Salka, cikin Ƙaramar Hukumar Magama ta Masarautar Kontagora, idan ya hau dutse ko tudu yakan yi kiciɓis da abin da zai sa shi tunani. Ga tsingaro warwatse, ga dutsen niƙa wanda ya rarake don tsananin aiki, wani lokaci har da ɗan goggen dutsen nan da ake kira gatarin aradu. Haka abin yake a wurare da yawa na Nijeriya ta Arewa. Galibin mutane sukan ce kufai ne kawai, su wuce. Amma kuwa waɗannan tarkace su ne kaɗai shaidar da ta rage ta mutanen da suka rayu tun ba a san rubutu a ƙasar nan ba. Saboda haka ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san darajarsu.

Dalilin Zama a Kan Dutse

Mutanen da sukan zaɓi bisa domin su hango abokan gaba daga nesa, su kuma tsira daga ambaliyar damina. Sai dai ba dukan kufai ne sa'o'in juna ba. Waɗansu na jiya-jiya ne. A ƙarni na 19, musamman bayan da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, yaƙe-yaƙe sun sa kabilu da dama na yankin sun fake a duwatsu, ba su sauko ba sai da ƙasa ta lafa. Waɗansu kufan kuwa sun girmi waɗannan da shekaru dubbai. Sau da yawa ma akan tarar da sabon zama a kan tsoho. Aikin masana binciken ƙasa shi ne su rarrabe wannan daga wancan.

Abin da Aka Gano a Ƙasar Nok

A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Ba a fahimci muhimmancinsa ba sai a 1943, sa'ad da aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar dabbobi. Da ya gwada su biyun sai ya ga aikin al'umma ɗaya ne. Daga baya aka yi ta samun irinsu, tun daga Kagara ta Jihar Neja har zuwa Katsina-Ala ta Jihar Binuwai. A Taruga kuma, cikin shekarun 1960, aka tono murahun narkar da tama, abin da ya tabbatar da cewa mutanen nan sun san aikin ƙarfe ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka shiga bincike mai zurfi a kewayen Janjala, ƙasar Kagarko. Sun tarar da cewa mutanen Nok ba manyan birane suka gina ba. Ƙananan gidajen gona suka yi, da yawansu a kan duwatsu da gangarensu. Ga kaɗan daga abin da binciken ya nuna:

1. Sun fara zama a yankin wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, watau kimanin shekara 3,500 ke nan.

2. Gero ne babban abincinsu, suna haɗawa da wake da atile. An san haka ne daga ƙonannun ƙwayoyin da aka tace daga ƙasa.

3. Gina mutum-mutumi ya bunƙasa daga wajen shekara 900 kafin Miladiyya, sa'an nan narkar da tama ta biyo baya.

4. Suna cin zuma. A 2021 aka bayyana cewa an sami alamar kakin zuma a fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsingaron da aka sami ragowar maiƙo a jikinsu.

A wani wuri mai suna Pangwari an tono yumɓu mai siffar kwalekwale da mutum biyu a ciki, alamar cewa sun san tafiya a kan ruwa. Ƙasusuwansu dai ba su wanzu ba, domin ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi.

Dala da Kainji

Dutsen Dala na Kano shi ma tsohon mazauni ne. Tarihin baka ya ba da labarin Barbushe da jama'arsa, binciken ƙasa kuma ya nuna ana narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7, watau shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda. Ashe labarin kakanni da shaidar ƙasa suna iya taimakon juna.

Kusa da Salka kuwa akwai darasi babba. Da aka ƙudura gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, an san ruwa zai haɗiye garuruwa da kufai, har da tsohuwar Busa. Sai masana suka yi hanzarin ceto abin da za su iya. A wani tudu kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri aka tono tukwane da kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu waɗanda suka haura shekara dubu. Wuraren da hannu bai kai gare su ba suna ƙarƙashin tafki har yau.

Yadda Ake Sanin Shekaru

Ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Shi ya sa masana ke kankare ta a hankali, suna auna inda kowane abu yake, suna rubutawa. Bayan haka akwai awon gawayi. Kowane tsiro da dabba suna ɗauke da wani sinadari mai suna kabon-14. Da zarar sun mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yakan tafi cikin kimanin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a ɗan gawayi ko ƙwayar gero, sai a san lokacin da aka yi amfani da su, da kuma shekarun tukunyar da ke kwance tare da su.

A nan ne ɓarnar masu tonon ɓoye take. Wanda ya fasa kufai da diga don neman abin sayarwa ya cakuɗa na sama da na ƙasa, ya zubar da gawayi, ya raba kaya da muhallinsu. Masanan da suka yi aiki a ƙasar Nok sun tarar an riga an yamutse galibin wuraren. Ɗan kuɗin da mai tonon ya karɓa ya ƙare cikin kwanaki, kayan sun ƙetare teku, tarihin kuwa ya tafi ke nan. In ruwa ya zube ba ya kwasuwa.

Abin da Doka Ta Ce

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi ba da izinin Hukumar ba. Ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka amince masa, ta kuma hana fitar da su waje ba da takardar izini ba. Wanda ya tsinci irin wannan abu, wajibi ne ya ba da labari cikin kwana 7.

Don haka ana roƙon jama'a su kiyaye waɗannan:

1. Kada a ɗauke abin daga inda yake, kada a wanke shi, kada a ƙara tono.

2. A sa alama a wurin, a sanar da mai unguwa ko dagaci.

3. A kai labari ofishin Ƙaramar Hukuma, ko Gidan Tarihi mafi kusa, kamar na Minna, Kaduna, Jos ko Kano.

4. Baƙon da ya zo neman sayen tsofaffin kaya, ko ya nemi a raka shi kufai, a nemi ya nuna takardarsa.

Sarakuna da hakimai da malaman makaranta su ne idon Hukuma a karkara. Dutsen da ke bayan gari amana ce a hannun mutanen garin, kuma 'ya'yansu ne za su fara yin hasara idan aka bari ta tozarta.