Ƴar Ƙafa da Ƙugiya: Wane Zubin Harafi Ya Dace da Allon Hausa?

Masu zana haruffan boko sun kasa su gida biyu. Akwai masu ƴar ƙafa, wato ɗan layin da ke tokare ƙarshen sandar harafi, wanda Faransawa ke kira empattement, kamar a Times New Roman na 1932. Akwai kuma marasa ita, irin Helvetica na 1957. Na farkon sun samo asali daga rubutun da Rumawa suka sassaƙa a dutse, kamar na ginshiƙin Trajan na shekara ta 113. Na biyun ba su shiga ɗab'i ba sai a 1816, a Ingila, amma su suka mamaye allunan hanya.

Dalilin yana ga yadda ake karanta allo. Mai littafi yana zaune, haske ya wadata. Direba kuwa kallo ɗaya yake yi daga nesa, wataƙila cikin ƙurar hunturu. Harafi mai ƴar ƙafa yakan haɗa layi mai kauri da siriri, kuma siririn ne ke fara ɓacewa ga ido, shi ne kuma fenti ke fara saki. Mara ƙafa kaurinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Shi ya sa Adrian Frutiger ya zaɓe shi don allunan filin jirgin saman Roissy.

Ga Hausa, batun ya wuce nisa da ƙura. Ƴar ƙafa ba ta bambanta ma'ana: D mai ita da D mara ita harafi ɗaya ne, kamar furuci biyu na ƙwayar sauti guda. Ƙugiya kuwa tana bambantawa, kamar yadda zubin kamantau na kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ke nunawa. To, ƙugiyar manyan Ɓ da Ɗ tana zama ne a saman hagu na sanda, daidai inda ƴar ƙafar B da D ke leƙowa, kuma masu allo sun fi son manyan baƙaƙe. Daga nesa sai ado da alamar ma'ana su saje. A zubi mara ƙafa babu abin da ke fitowa a wannan kusurwa sai ƙugiya, don haka ido ba ya kuskure ta. Wannan hujja kaɗai ta isa a fifita shi.

Shi ma yana da nasa aibin. A Helvetica ko Arial, sunan Illela yana farawa da sanduna uku da da ƙyar ake rarrabewa. Edward Johnston ya kauce wa wannan tun 1916, a haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, inda ya lanƙwasa wutsiyar ƙaramin l. Andika, wanda aka zana don masu koyon karatu, ya bi wannan hanya, kuma yana ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikakku. Zubi da dama ba su da su. A nan kwamfuta kan aro harafin daga wani zubi, kalmar ta fito a allo da baƙi ɗaya wanda bai yi kama da ƴan uwansa ba.