Yadda Ake Neman Bayani Daga Rumbun Bayanai Ta Wayar Hannu

A da, wanda yake son tabbatar da sunansa a rajistar hukuma sai ya yi takakkiya zuwa ofis, ya jira magatakarda ya buɗe babban littafi ya duba masa. Tun daga shekarar 2001 da wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya, wannan wahala ta yi ta raguwa. Wannan darasi zai bayyana yadda abin yake aiki, da amfaninsa, da kuma inda haɗarinsa yake.

Mene ne rumbun bayanai?

Rumbun bayanai shi ne littafin rajista da aka zuba cikin kwamfuta. Kowane mutum, ko kowane kaya, yana da nasa layi a ciki, kowane layi kuwa yana da lambar da ta bambanta shi da sauran. Bayanin ba ya cikin wayar mutum. Wayar ɗan aike ce kawai: tana ɗaukar tambaya, ta miƙa wa kamfanin waya, kamfanin ya isar da ita ga kwamfutar hukumar da ke riƙe da rumbun. Kwamfutar ta nemo layin da ya dace da lambar, ta maido da amsa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Hanyoyin da za a ambata a nan ba sa bukatar intanet, ƙaramar waya ma ta wadatar.

Misalai uku

Na farko, lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, wadda hukumar NIMC take bayarwa. An kafa hukumar da dokar 2007. Lambar tana da alƙaluma 11. Wanda ya manta tasa zai danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, ya bi umurnin da zai bayyana.

Na biyu, lambar tantance masu ajiya a banki, watau BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014. Ita ma alƙaluma 11 ce. Ana samunta ta danna *565*0# a layin da banki ya sani. A waɗannan biyun akan cire 'yan kuɗi daga katin waya.

Na uku ya shafi rai. A 2010 hukumar NAFDAC ta soma wani shiri na tantance magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro. A jikin kwalin akwai wani wuri da aka rufe. Mai saye zai kankare shi, ya ga lamba, ya aika da ita ta gajeren saƙo zuwa lambar da aka buga a kwalin. Amsa za ta zo ta nuna ko maganin na gaske ne. Lalle ne a yi haka tun ana gaban mai kantin, kafin a ba yaro ko cokali ɗaya. Kwalin da aka riga aka kankare kuwa, kada a karɓe shi.

Abin da ya wajaba a kiyaye

Kwamfuta ba ta ganin fuska, lambar waya kaɗai take ganewa. Saboda haka duk wanda layin mutum ya shiga hannunsa, zai iya yin tambaya da sunan mai layin, a kuma ba shi amsa. Ta wannan ƙofa ce ɓarayi suke bi su kai ga ajiyar mutane. Don haka:

1. A sa wa layin waya lambar sirri, ba wa wayar kaɗai ba.
2. In waya ta ɓace, a sanar da banki da kamfanin waya a ranar, a rufe layin.
3. Wanda zai daina amfani da layi, ya fara canza shi a banki, domin kamfani yakan sayar wa wani layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba.
4. Banki ba ya bugo waya ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya nema, macuci ne.

Haka kuma a sani, rumbu abin da aka zuba masa shi yake fitarwa. In an rubuta suna ko ranar haihuwa ba daidai ba, kuskuren zai yi ta fitowa har sai mai shi ya nemi hukumar ta gyara. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba kowa ikon neman wannan gyara.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.